Kyamarar Da Ruwa Ba Ya Shiga: Ina Ruwan Basakkwace Da Ita?

Duk wanda ya ji an ce ɗalibi a Sakkwato yana neman kyamarar da ruwa ba ya shiga, dariya zai fara yi. Garin da ruwan shekara duka bai wuce milimita 600 zuwa 700 ba, shi ma a cikin wata huɗu yake zuba ya ɗauke, ina shi ina kayan masu nutso a teku? Ai kamar a ce mutum ya tafi sayen bargo ne a tsakiyar bazara. To, ni ra'ayina ya saɓa wa na masu dariyar. A ganina, in dai har ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci a wannan yanki zai fitar da kuɗi ya sayi kyamara, irin wannan ce ta dace da mu. Sai dai dalilin da ya sa ta dace da mu ba shi ne aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalinta ba. Wanda bai lura da haka ba kuwa, zai biya kuɗin abin da ba zai taɓa mora ba, ya baro abin da yake bukata a kanti.

Bari mu fara da abin da ke jikin kwalin. Za ka ga hoton shuɗin ruwa garai-garai, da kifaye masu launi, da wani Bature ko Baturiya cikin kayan iyo, sa'an nan a rubuta mita 15, ko 20, ko 30. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin don su aka ƙera ta tun asali. Wajen 1960 ne wani injiniya ɗan Beljiyam, Jean de Wouters, ya tsara wa Jacques Cousteau, mashahurin mai binciken teku na Faransa, wata kyamara da suka kira Calypso, wadda ake shiga ruwa da ita ba tare da an sa ta cikin akwati ba. Kamfanin Nikon na Japan ya karɓi tsarin, ya fitar da ita da sunan Nikonos a 1963, ya yi ta sayarwa har 2001. Waɗannan duka masu fim ne. Ita kuwa kyamarar dijital, watau mai ajiye hoto ba a fim ba, a 1975 wani ma'aikacin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa ta farko, shekarar da aka kafa wannan jami'a tamu. Da zamani ya haɗa dabarun nan biyu, sai aka sami 'yar ƙaramar na'ura da mai yawon shaƙatawa zai sa a aljihu ya tafi bakin teku.

Mitocin nan suna da ma'ana ga mai nutso. Kowane mita 10 da mutum ya ƙara a ƙarƙashin ruwa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, saboda haka wadda aka yi don mita 15 ba za ta jure mita 30 ba. Amma don Allah ina Basakkwace zai sami mita 15? Ko ya samu, me zai gani? Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Kwalkwalawa cikin watan Agusta ya san launin gulbin Rima: ja ne kamar kunun kanwa. Ka sa hannunka a ciki, ba ka ganin yatsunka. Kyamarar da ta fi kowace tsada a duniya ba za ta ɗauko maka komai a ƙarƙashin wannan ruwa ba sai duhu. Saboda haka wanda mai kanti ya ce masa ya ƙara kuɗi don wannan ta mita 20 ce waccan kuwa ta 14, ya sani zurfin wani yake saya.

Abin da ya shafe mu yana cikin wasu ƙananan baƙaƙe da ba kowa ke kula da su ba. Akwai wani ma'auni na duniya, mai lamba IEC 60529, wanda ake auna rufin na'urori da shi. Ana rubuta shi da haruffa biyu, IP, sa'an nan lambobi biyu. Lambar farko ta ƙura ce da sauran busassun abubuwa, daga 0 zuwa 6. In ka ga 6, ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce. In 4 ce, feshi kawai take jurewa. In 7 ce, an gwada ta a zurfin mita ɗaya na minti 30. In 8 ce, ta wuce haka, gwargwadon abin da kamfanin ya ambata da kansa. Inda aka sa X a madadin lamba, ma'anarsa ba a ba da sakamakon gwaji a wannan fanni ba. Watau na'urar da aka rubuta wa IPX8 kaɗai, an yi maka alkawari a kan ruwa, ba a ce maka komai a kan ƙura ba. Mutanen bakin teku lamba ta biyu suke dubawa. Mu ta farko ya kamata mu fara dubawa.

Dalili kuwa a fili yake. Ruwanmu na wata huɗu ne, ƙurarmu ta wata takwas ce. Daga Nuwamba hunturu zai sauko da hazo, garin nan ya yi fari fat, ka share tebur da safe kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai. Hazo na ɗagawa, iskar bazara ta karɓa. Hadarin farko na damina ma, kafin ya zubar da ɗigo ɗaya sai ya fara turnuƙe gari da jar ƙasa. Ƙaramar kyamara ta yau da kullum, idonta fitowa yake yi ya koma kamar kan kunkuru duk lokacin da aka kunna ta ko aka kashe. Kowace fita da komawa iska take zuƙa, iskar kuwa da ƙura take tafe. Ƙurar nan za ta kwanta a kan ƙananan haƙoran da ke tura idon, wata rana a kunna ya fito rabi ya tsaya. Ko kuwa ta sauka a kan farantin da ke karɓar haske, daga ranar kowane hoto ya riƙa fitowa da baƙin ɗigo a wuri guda, kamar tabo a goshi. Babbar kyamara da ake canza wa ido, ita ma duk sa'ad da aka kwance idon a fili an buɗe wa ƙura ƙofa ke nan. Ita kuwa wadda aka yi don ruwa, idonta a ciki yake, yana motsinsa a bayan wani gilashi da ba ya buɗuwa. Babu abin da ke fita, babu abin da ke shiga. Rufin da aka yi don kifin teku, shi ne ke tsare ta daga hazon Sakkwato. In ta yi buɗu-buɗu, sai ka tsoma ta a kwano ka ɗauraye, abin da ba ka isa ka yi wa wata na'ura ba.

Ba kuma cewa nake yi ruwa ba ya samunmu ba. Sunan unguwarmu Tudun Wada, amma ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wanda ya biyo wasu lungunanmu zai yi shakkar tudun. Ɗalibin da ya hau kabu-kabu daga cikin gari ya nufi mazaunin jami'a na dindindin, in hadari ya tare shi a tsakiyar fadama, babu rumfa babu inuwa, shi da jakarsa duka sai an matse. Irin ruwan da kayanmu ke gamuwa da shi ke nan: na sama, da na kwata, da gumi, da faɗawa cikin laka. Kowace kyamara mai lamba 8 ta fi ƙarfin wannan. Abu guda dai a kiyaye, gwajin nan da ruwa mai tsabta ake yi, wanda yake kwance ba ya motsi. Jure nutso dabam, jure ruwa mai bugu dabam, shi ya sa ma ma'aunin ya ware wa feshi mai ƙarfi lambobinsa, 5 da 6. Kada wani ya kai ta bakin famfon masu wankin mota don ya burge abokai.

Yanzu ga abin da kwalin ba ya ɗaga murya a kai. Masu ƙera waɗannan na'urori suna alfahari da cewa suna aiki a sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifiri. Madalla, sai dai tun da aka kafa Sakkwato ba a taɓa ganin wannan sanyi ba. Ka buɗe littafin bayanin da ke cikin kwalin, can wajen ƙarshe, za ka tarar iyakar zafin da aka yarda ta yi aiki a ciki digiri 40 ne. A Maris da Afrilu da Mayu kuwa, zafin garin nan yakan haura 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe aka bari a rana. Rufin da ke hana ƙura shiga yana rage wa zafi hanyar fita. Roba kuwa, wadda ita ce sirrin abin duka, zafi ne ajalinta: tana bushewa, ta taurare, ta tsage. Batir ma haka, zafi yana cinye kwanansa. Wannan ba ya hana saye, amma yana nuna mana cewa a nan maƙiyinta rana ce. Wanda ya bar ta a gaban mota, ko a akwatin babur, ko a kan taga, ya kashe ta tun kafin damina ta zo ta gwada ta.

Na san abin da mai karatu yake shirin faɗa: ai ina da waya. Gaskiyarka, kuma duniya duka ta faɗi haka kafin ka faɗa. Ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan ta lissafta cewa a 2010 sun fitar da kyamarori fiye da miliyan 120; a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Waya ce ta cinye kasuwar. Ni ma ba zan ɓoye ba, ga hoton biki da na suna da na ranar yaye ɗalibai, waya mai kyau ta wadatar, da dare ma hotonta yakan fi na waɗannan ƙananan kyamarori kyau, domin farantin haskensu ƙarami ne, ba su kuma da dabarun gyaran hoto irin na wayoyin yanzu. Ɗalibin da abin da yake so ke nan, ya riƙe kuɗinsa. In yana tsoron ruwa, ya sayi 'yar jakar roba mai maɓalli da ake sa waya a ciki, ya gwada ta da takarda a bokiti kafin ya amince mata.

Amma a yi hattara da maganar nan ta cewa waya ba ta jin ruwa. A 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci kamfanin Apple tarar Yuro miliyan 10, saboda tallan da ya yi na jure ruwa ya dogara ne a kan gwajin ɗakin bincike, ga shi kuma in ruwa ya lalata wayar garanti ba ya biya. A 2022 wata kotu a Ostareliya ta ci Samsung tarar dalar ƙasar miliyan 14 a kan tallan da ya nuna ana shiga tafkin wanka da teku da wasu wayoyinsa. Waɗannan sababbin wayoyi ke nan, daga kwali. To ina ga tamu, wadda ta zo ta hannu, ta sha faɗuwa, aka canza mata gilashi sau biyu a wurin mai gyara? Rufin waya danƙo ne aka liƙa, ranar da aka buɗe ta an gama da shi, sai in an sake sabo yadda ya kamata. Bayan haka kuma, ka dubi abin da ke cikin wayar: asusun bankinka, lambobin danginka, takardun karatunka, wani ma har rubutun kundinsa na kammala digiri. Wane mai hankali ne zai miƙa wannan duka a saman gulbi, da jiƙaƙƙen hannu, a cikin kwalekwale mai tangaɗi? Gilashin waya ma ba ya jin yatsa in ya jiƙe. Kyamara kuwa maɓalli gare ta, ko da laka a hannu za ka danna.

Wannan ya kawo mu ga waɗanda nake ganin abin ya zame musu wajibi, kuma saboda su na ɗauki alƙalami. A watan Satumba na 2010, ruwa ya taso daga wajen madatsar Goronyo, ya shafe garuruwa da gonaki a bakin Rima, ya yanke hanyar da ta haɗa jami'ar nan da cikin gari. Malamai da ɗalibai da ma'aikata suka koma ƙetarewa da kwalekwale, karatu ya tsaya. Mu da muke aji yanzu yara ne a lokacin, labari muke ji. Ɗalibin labarin ƙasa ko na aikin injiniya da yake son ya san inda ruwan ya kai, a wace rana, ta ina ya fara cin hanya, ba labari yake bukata ba. Hoto yake bukata, mai kwanan wata, mai nuna wuri. Gani ya kori ji. Kuma abin bai wuce ba. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da Hausawa suka ce ka yi da naka.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, wa ake turawa? Ba manya ba. Ƙaramin ma'aikaci ake turawa, ɗan mataki na takwas, daga ma'aikatar gona, ko ta muhalli, ko hukumar agajin gaggawa, ko Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, a ce ya je ya ƙiyasta ɓarna ya kawo rahoto. Abin da ya rubuta shi zai sa a tuna da wani ƙauye ko a manta da shi. Manomin da shinkafarsa ta nutse a Wurno ba ya da lauya, ba ya da ɗan jarida. Wannan yaron da aka turo shi ne bakinsa. In ya dawo da hotuna tsararru, kowanne ɗauke da rana da sa'a da wurin da aka ɗauka, da wuya wani ya zauna a ofis ya ce ƙari aka yi, da wuya kuma a cusa sunan gonar da ruwa bai taɓa ba. Shi ya sa a wurina na'urar gane wuri ta tauraron ɗan'adam, wadda wasu daga cikin kyamarorin nan ke da ita, ta fi ƙarin mita biyar na zurfi daraja nesa ba kusa ba. Tana shan batir, gaskiya ne. Sai a kunna ta wurin aiki, a kashe in an gama. Kuma a daidaita agogon kyamarar tun ranar farko, domin hoton ambaliya mai ɗauke da kwanan watan da ba daidai ba, shaidar zur ce.

Ba masifa kaɗai ake ɗauka ba. Argungu tana nan kusa da mu, tafiyar kilomita 100 ko kusa da haka. Bikin kamun kifinta, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Wanda ya ga yadda dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da gora da homa, ƙura a sama laka a ƙasa, ya san wurin ba na na'ura mai laushi ba ne. Ga kuma wata fa'ida da 'yan Tsangayar Aikin Gona da ta Likitancin Dabbobi za su fi kowa ganewa: da yawa daga cikin kyamarorin nan suna iya ɗaukar abu daga nisan santimita ɗaya. Tsutsar da ke cin masara, tabon cuta a ganyen albasa, kaska a kunnen saniya, duk za su fito ɓaro-ɓaro, a tura wa malami ko a sa a kundi.

To wace za a saya? Zaɓin ba shi da yawa, domin kamfanoni sun yi ta janyewa. Nikon W300, mai mita 30, da Fujifilm XP140, mai mita 25, an daina ƙera su, sai dai ragowa ko ta hannu. Wadda aka fi sani ita ce jerin Tough na Olympus. TG-6 ta fito a 2019. Da kamfanin ya sayar da sashensa na kyamara, sabon mai shi ya fitar da TG-7 a 2023 da sunan OM System. Dukansu mita 15 ne, ƙura ba ta shiga, an gwada su da faɗuwa daga mita 2.1 da kuma danniyar kilo 100, suna da na'urar gane wuri, idonsu kuma yana buɗewa sosai ya sha haske. Ricoh yana da nasa jerin mai suna WG, waɗanda yanzu suke fitowa da sunan Pentax: WG-90 mai mita 14, mai ƙananan fitilu shida kewaye da ido don ɗaukar ƙananan abubuwa, da WG-8 mai mita 20. Akwai Kodak WPZ2, wadda kuɗinta bai kai rabin na TG-7 ba, hotonta ma bai kai ba, amma rufinta rufi ne. Su kuwa irin GoPro, na ɗaukar bidiyon gudu da tsalle ne. Idonsu mai faɗi ne ƙwarai, yana lanƙwasa gefen hoto, ba ya jawo abin da ke nesa. Ga mai rahoton ɓarna, wanda yake son ya nuna tsagewar ƙafar gada daga bakin ganga, ba su ne ba.

Kada kuma yawan megafiksel ya ruɗe ka, domin nan ne masu kanti suka fi kama ɗalibai. Olympus da kansa ya rage nasa daga 16 zuwa 12 a 2017, lokacin da ya fitar da TG-5, don hoton ya fi tsabta in haske ya yi ƙaranci. A ƙaramin faranti, yawan ɗigo cunkoso ne kawai. Haka nan jawo nesa: na gaskiya shi ne wanda gilashi ke yi, sau huɗu ko biyar, sauran manyan lambobin da ake rubutawa, hoton ake yankewa a buɗa shi. Kyamarar da ba a san sunan kamfaninta ba, aka rubuta mata megafiksel 48 da mita 30 a kan kuɗin buhun shinkafa, wanda ya saya ya sayi rariya, ya kuma san aikin rariya. Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci a garin da wutar lantarki ke zuwa lokacin da ta ga dama shi ne batir. Caji ɗaya hoto 300 da 'yan kai yake ɗauka. A sayi na biyu tun a kanti, a kuma tabbata ana iya caja ta daga ma'ajiyar wuta ta aljihu irin wadda muke caja waya da ita.

Saura maganar kuɗi, inda gizo ke saƙa. TG-7 ta fito a kan dalar Amurka 550. A 2024 dala ta haura naira 1,500, watau fiye da naira 800,000 ke nan kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. A shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ka yi lissafi da kanka: kusan albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci, bai ci ba bai sha ba. Ɗalibi kuwa ba a ma maganarsa. Saboda haka hankali zai karkata ga ta hannu, daga Legas ko Kano. A nan ne nake jan kunne ƙwarai. Tsohuwar kyamara ta yau da kullum, in ta kunna ta ɗauki hoto, ka ga abin da ka saya. Wannan kuwa abin da kake biya ba ya ganuwa: siririn zoben roba ne a bakin murfin batir da na wurin caji. Olympus yana ba da shawarar a canza robar nan kowace shekara. Kyamarar da ta yi shekara shida a aljihun wani, ta kwana a kwantena, ta zauna a kanti cikin zafi, wa ya canza mata? Ina kuma za a canza mata a Sakkwato? Mai gyaran waya, komai gwanintarsa, in ya kwance ta ba shi da abin da zai gwada rufinta da shi bayan ya ɗaure.

Shawarata ga Ƙungiyar Ɗalibai da ƙungiyoyin sassa ita ce, wannan ba kayan mutum ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin da ake kashewa a liyafar ƙarshen shekara da buga riguna da kalanda mai hotunan shugabanni, in aka tsakuri wani abu daga ciki shekara ɗaya tak, zai sayi sabuwa guda mai garanti. A ajiye ta a ofishin sashe, da littafin aro, mai fita aikin fili ya sa hannu ya karɓa, ya dawo da ita cikin kwana uku. Na san za a ce kayan jama'a ba su da mai su, za ta ɓace kafin zango ya ƙare. Mai yiwuwa. Amma ɗakin karatu ma littattafansa na jama'a ne, ba a kuma rufe shi don tsoron ɓarayi ba. Sharaɗin aron shi ne wanda ya fi muhimmanci: duk wanda ya karɓa ya bar kofen hotunansa, da sunan wuri da rana. Bayan shekara goma sashen zai mallaki tarihin gulbin Rima da babu irinsa, wanda ya cancanci a kai kofensa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Ma'aikatu ma haka ya kamata su yi, maimakon a tura yaro da wayarsa ta kansa, in ta faɗa ruwa a ce masa Allah ya mayar da alheri.

Abu biyu kuma ga mai riƙe da ita. Na farko, kyamara ba ta iya iyo. In ta suɓuce nutsewa take yi kamar dutse, sai an ɗaura mata igiya mai tulluwa a wuyan hannu. Mai ita ma haka. Haɗarin kwalekwale ya ci rayuka da yawa a jihar nan, har da na Goronyo a Agustan 2025. Wanda ya iya neman kyamarar dubban ɗaruruwa bai nemi rigar kariya daga nutsewa ba, lissafinsa ya karkace. Na biyu, na'urar da ke shiga ko'ina ba ta ba ka izinin shiga ko'ina ba. Matan da ke wanki a bakin gulbi, da gawar da aka tsamo, da dattijon da ke kuka a kan gidansa da ya rushe, ba kayan yaɗawa a Facebook ba ne. A yi sallama, a nemi izini, in an hana a haƙura.

Kulawa da ita ba wuya. Kafin a rufe murfi a duba bakin robar da kyau, domin ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Kada a buɗe ta da jiƙaƙƙen hannu, ko a tsakiyar iska mai ƙura. In an dawo daga gulbi a jiƙa ta a ruwa mai tsabta kamar minti goma, a shanya a inuwa, ban da sabulu, ban da ruwan zafi. In ta gasu a rana kada a tsoma ta cikin ruwan sanyi nan take, don gilashin yakan yi raɓa daga ciki. A ajiye ta tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Wanda kuma ya ce shi dai ta hannu zai saya, to ya saye ta a inda zai iya taɓa ta, ba ta hoto a waya ba. Ya buɗe murfin, ya shafa robar: in ta yi tauri, ko ta tsage, ko ya ga fari-fari ko tsatsa a bakin ƙarfen batir, ruwa ya riga ya taɓa shiga. In wannan ya yi kyau, ya roƙi mai kanti ya kawo bokiti, mai kantin da hannunsa ya tsoma ta minti biyar. 'Yan kumfa kaɗan daga ramukan lasifika ba komai ba ne. Kumfar da ke fitowa a jere daga bakin murfi ita ce abin tsoro. A fito da ita, a goge, a buɗe murfin yana kallon ƙasa, a duba ciki, sa'an nan a ɗauki hoto a gani. Bokiti ba zai tabbatar maka da mita 15 ba, amma zai tona asirin matacciyar roba, mu kuwa iyakar abin da muke nema ke nan. A kuma rubuta sunan kyamarar da lambarta a rasit. In mai kanti ya ce ba a tsoma kayansa a ruwa, ka gaishe shi, ka tafi kanti na gaba.